Filin Shawara: Ƙashi Ya Warke, Gaba Bai Daina Faɗuwa Ba

Wasiƙun wannan mako uku ne, duka daga ƙaramar hukumar Tarauni, duka kuma a kan haɗarin babur da abin da yake bari a zuciya. Kamar kullum, na cire sunaye.

WASIƘA TA FARKO

Anti, barka da aiki. Ni magidanci ne mai shekara 34, ina zaune a Gyadi-Gyadi, ina da ɗan teburin gyaran waya a Farm Center. Tun ban ajiye iyali ba nake hawa babur, ban taɓa sanin wani abu wai shi tsoron titi ba. Wata biyar da suka wuce, gab da magariba, na taso daga kasuwa zan shiga Court Road daga Titin Zariya, sai wani ɗan adaidaita ya sha gabana zai ɗauki fasinja, ba sigina ba komai. Na damƙe birki, tayar gaba ta hau yashi, daga nan ban san inda kaina yake ba sai a gadon asibiti. Na karye a tsintsiyar hannun dama, an kuma yi min ɗinki a goshi.

Alhamdu lillahi hannu ya haɗe, an gyara babur. Amma yana nan a zaure, na lulluɓe shi da tsohon zanin gado. Ranar da na gwada hawa, ko layinmu ban fita ba hannuna ya kama rawa, gumi ya jiƙa ni, ƙirjina yana dukan uku-uku. Ko a cikin adaidaita nake, aka danna hon sai in zabura. Wajen da na faɗi kuwa zagaye shi nake yi. Kuɗin mota ya cinye min ciniki. A majalisa an mai da ni abin tsokana, yayana kuma ya ce raunin tawakkali ne, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, in hau kawai. Wani abokin sana'a ya ba ni ƙwaya ya ce tana cire tsoro. Ban sha ba, amma tana aljihuna. Anti, me ya same ni?

Wani magidanci, Gyadi-Gyadi

Ƙanena, sannu da jiki. Allah Ya sa kaffara ne, Ya kiyaye gaba.

Kafin komai, ka fito da ƙwayar nan daga aljihu ka jefa ta a masai. Ko Tramol ce, ko D5, ko wata 'yar uwarsu, ba ta da gurbi a jikin mai riƙe da kan babur. Abin da yake raba mai babur da ƙasa shi ne saurin da ido ke kai saƙo ga hannu, kuma wannan saurin ƙwayoyin nan suke ragewa, alhali kai kana jin ka fi kowa iyawa. Ranar da ta sake ka, tsoron zai dawo da ƙarfinsa, sai ka nemi biyu. Da haka mutane da yawa a garin nan suka faɗa, ba da niyyar shaye-shaye suka fara ba. Hatta likitoci, tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarce su da kada su ba da irin su D5 don maganin firgicin da ke biyo bayan mummunan abu a makonnin farko, balle kai da za ka karɓa a hannun abokin sana'a.

Abin da ya same ka, Bahaushe ya daɗe da ganinsa har ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A 'yan daƙiƙun da ke tsakanin ganin adaidaitar nan da faɗuwarka, ƙwaƙwalwarka ta kwashe komai ta adana: ƙarar hon, hasken gab da magariba, mahaɗar titin, har yadda kan babur yake a tafin hannunka. Duk sanda ɗaya daga cikinsu ya sake bayyana, ba ta tsayawa shawara da kai. Nan take za ta saki sinadaran shirin gudu a cikin jini, zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya gajarta, hannu ya yi gumi, tsoka ta ɗaure. Da yawa daga waɗanda suka yi haɗari suna jin haka a makonnin farko, kuma ga mafi yawansu abin yana lafawa da kansa. Naka ya daɗe, zan kuma gaya maka dalili.

Amma bari in fara raba ka da maganar yayanka, don na lura ta fi tsokanar majalisa ci maka rai. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, sai dai bai yi daidai ba. Alƙur'ani ya ba mu labarin tsoron da ya kama Annabi Musa, alaihis salam, a wuri fiye da ɗaya, kuma babu mai cewa imaninsa yana da rauni. Mutum yana iya miƙa dukkan lamarinsa ga Allah, hannunsa kuma ya yi rawa, domin rawar hannu aikin jijiya ce. Ka riƙe addu'ar hawa abin hawa da azkar ɗinka na safe da yamma, ka haɗa da abin da zan gaya maka. 'Yan majalisa kuwa, da za ka keɓe da su ɗaya bayan ɗaya, da ka sha mamakin yawan masu wata kwanar da har yau ba sa son bi.

Abin da ya sa naka ya daɗe shi ne gudun da kake yi. Duk ranar da ka zagaye mahaɗar nan kana samun sauƙi nan take, ƙwaƙwalwa kuma ta ɗauka zagayewar ce ta cece ka, gobe sai ta ƙara matsa maka. Da haka tsoro yake faɗaɗa: ya tashi daga babur ya shiga adaidaita, gaba kaɗan ya hana ka tsallaka titi. Ita ma "hau kawai" ɗin yayanka da nata haɗarin. In ka ɗauki babur yau ka afka Titin Zariya da ƙarfe biyar na yamma, cikin tireloli da motocin Unguwa Uku da Na'ibawa, jikinka a sandare, ko dai ka sake faɗuwa, ko ka koma gida da firgicin da ya fi na da. Hanyar da masana lafiyar ƙwaƙwalwa suka gwada suka ga tana aiki ita ce a koma wa abin tsoron kaɗan-kaɗan, a kai a kai, daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya.

Matakin farko a asibiti yake. Hannun dama shi ne mai totur da birkin gaba. Ƙashi yana iya haɗewa amma ƙarfin damƙa bai dawo ba, musamman bayan hannu ya yi makonni a ɗaure, kuma mai yiwuwa wani kaso na rawar da kake ji raunin tsoka ne kawai, wanda masu gashin ƙashi suke da atisayen gyara shi. Ka kuma tuna wa likita cewa ka suma a ranar. In kana fama da ciwon kai, ko jiri, ko mantuwa, ko haske da hayaniya suna damunka, ka faɗa masa, domin buguwar kai tana barin irin waɗannan, kuma suna kama da fargaba har mai su ya kasa bambancewa. Allah Ya yi maka gata, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana unguwarku, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala.

In likita ya ce hannu ya isa aiki, sai ka yaye zanin gadon nan. Ka turo babur ƙofar gida ka wanke shi da hannunka. Ka kira bakanike ya duba birkin gaba da na baya, da taya, da sarƙa, da fitila, da madubi, kana tsaye kana kallo, domin sanin lafiyar abin hawa yana rage zullumi ƙwarai. Washegari ka hau ka zauna kawai, kada ka tayar. Gabanka zai faɗi. Kada ka sauka a daidai lokacin da faɗuwar ta yi tsanani, ka zauna har ka ji ta fara sassautawa, ko da za a kai minti ashirin. A wannan zaman ne maganin yake, don a nan jiki yake koyon cewa tsoro yana hawa ya kuma sauka ba tare da komai ya faru ba. In ka sauka a tsakiyar firgici, ka koya masa akasin haka.

Ka maimaita har zaman ya zama ba komai ba, sannan ka tayar a tsaye ka saurari injin. Daga nan sai zagaye a layinku da gari ya waye, kafin 'yan makaranta su fito. Sai wani fili da babu mota. Sai ƙananan titunan cikin unguwa da safiyar Lahadi. Kowane mataki ka daɗe a kansa har ya gundure ka, gundurar ita ce alamar ka shirya wa na gaba. Za a samu ranar da abin zai dawo maka ɗanye kamar ba ka taɓa farawa ba. Ranar sai ka koma mataki ɗaya baya, gobe ka ɗora.

Wajen da ka faɗi, da ƙafa za ka fara zuwa, tare da wanda ka yarda da shi kuma ba zai yi maka dariya ba. Ku tsaya da rana tsaka ku kalli wajen sosai: ga inda yashi yake taruwa, ga inda 'yan adaidaita suke yankowa. Ka sayi ko ruwan leda ne ka sha a tsaye a wurin. Wata rana ka wuce ta nan a adaidaita, daga baya a kan babur ɗinka da safe. Magariba ita ce ƙarshe a jerin, kuma kafin ka kai gare ta, ka riƙa rufe teburinka da sauran rana.

In tsoro ya taso maka kana cikin tafiya, ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka fitar a hankali kana ƙirga shida, domin jan fitar numfashi shi ke rage bugun zuciya. Ka matse tanki da gwiwoyi, ka saki kafaɗa da hannu. Hannun da ya sandare ba ya iya juya kan babur yadda ya kamata. Ka kuma lura da idonka. Babur inda ido ya kalla yake bi, in ka zuba wa rami ko bayan mota ido, can za ka nufa, don haka ka kalli mafita. In abin ya yi yawa, ka sa sigina, ka gangara gefe, ka huta har ya lafa, sannan ka ƙarasa tafiyarka a kai. Kada ka tura shi gida da hannu.

Yanzu ga maganar da 'yan jaje ba za su gaya maka ba. Laifin ɗan adaidaita ne, babu ja. Amma abin da ya kai ka ƙasa damƙar birkin gaba ce a kan yashi. Birkin gaba shi ne mafi ƙarfi a babur. In aka matsa shi a hankali ana ƙarawa, nauyi yakan koma kan tayar gaba ta kama kwalta da kyau. In aka fizge shi lokaci guda, balle a kan yashi ko ana tsakiyar karya kwana, tayar kullewa take yi ta zame. Yawancin mazanmu a lungu suka koyi babur, wajen wa ko aboki, an koya musu tafiya, ba a zauna an koya musu tsayawa ba. Don haka a filin can ka ja layi a ƙasa, ka taho a giya biyu, ka koyi tsayawa a kansa da birki biyu tare, kana ƙara matsi a hankali, babur a miƙe. Ka yi ta yi har hannunka ya haddace. Ni na fi yarda da ƙarfin gwiwar da ya samo asali daga nan a kan wanda aka samo daga zugar majalisa, domin ranar da wani ya sake shan gabanka, hannun ne zai amsa kafin ka yi tunani.

Ka kuma sani, in gudu ya ninka biyu, tazarar da birki yake buƙata ninkawa huɗu take yi. Tun da gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, adaidaita sahu ce ta gaje fasinjan birnin nan, abincin direbanta kuwa a bakin titi yake, duk inda aka ɗaga hannu nan ne tasha. In kana bayanta, ka bar tazara, ka riƙa kallon mutanen da ke tsaye a gefe, don hannun fasinja yana riga sigina tashi. Kada ka taɓa ratsawa tsakaninta da bakin titi.

Ɗinkin goshinka ya gaya min babu hular kwano a kanka ranar. A 2009 da aka fara tilasta sa ta a Najeriya, labarin da ya zaga duniya daga Kano shi ne na masu babur da suka kifa ƙwarya a ka don gudun tara. Har yau raina yana ɓaci in na tuna, domin kawunan 'ya'yanmu ne ake wasa da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai inganci, in an ɗaura madaurinta daidai, tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin 100, tana rage haɗarin mutuwa fiye da ninki shida. Ka saye ta kafin ranar da za ka fara tayar da injin. Akwai zafi, za a kuma tsokane ka, amma kai ka riga ka san abin da kwalta take yi wa goshi.

Ka ba wa wannan tsari wata guda. In ka ga babu motsi, ko kuma akwai munanan mafarkai da rashin barci da ba ka ambata ba, ka karanta amsar da ke ƙasa, ta shafe ka.

WASIƘA TA BIYU

Anti, ina wuni. Ina zaune a Tarauni da maigidana da yara uku. Shi yake kai biyu makaranta a babur kafin ya wuce aiki, ƙaramar a kan tanki, babban a baya. Wata uku ke nan wata mota ta buge su ta baya kusa da Kasuwar Tarauni. Shi da yaron ƙujewa kawai suka yi, amma yarinyar mai shekara 6 ta karye a cinya. An yi mata aiki, yanzu tana takawa, sai ɗan ɗingishi.

Matsalar Abbansu ce. Ba ya barci, in ya samu ya yi sai ya farka da ihu yana kiran sunanta. Abinci sai na yi da gaske. Mutum mai wasa da yara, yanzu ƙaramin motsi sai tsawa. In yarinyar ta taho tana ɗingishi sai ya tashi ya bar ɗakin. Ya daina zama a masallaci bayan sallah. Kullum maganarsa shi ya jawo. Rannan da dare ya ce da shi ya mutu a wurin da ya fi masa. Hajiyarsu ta ce iska ce ko sammu, ana ta kawo rubutu da hayaƙi. Ita ma yarinyar ta koma fitsarin kwance, in ta ji ƙarar babur sai ta maƙale ni. Anti, ta ina zan fara?

Wata uwa, Tarauni

Ƙanwata, sannu da ɗawainiya. Allah Ya ba 'yarmu lafiya, Ya yaye wa maigida.

Ki fara daga maganar da ya yi da daren nan, kada ki bari ta wuce haka. In yara sun yi barci ki zauna kusa da shi ki tambaye shi, ba kwana-kwana: maganar nan da ka yi, kana tunanin cutar da kanka ne? Na san bakinki zai yi nauyi. Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi take kawo wa wanda abin ya cika wa ciki. In ya amsa da eh, ko ya yi shirun da ya tsorata ki, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk wani abu mai cutarwa daga gidan, ki kira wansa ko amininsa a kai shi asibiti a ranar.

Ko da ya ce a'a, abin da kika lissafa ya isa a ga likita. Abu yana dawo masa a mafarki, yana gudun duk abin da zai tuna masa, yana zaune a zabure ba barci ga saurin fushi, ya ɗora wa kansa laifi ya janye daga mutane, kuma an wuce wata guda ana haka. Likitoci sun san wannan ciwo sarai. A kan sojojin da suka dawo daga yaƙi aka fi yin nazarinsa da farko, daga baya aka gane haɗarin titi yana cikin manyan abubuwan da suke jawo wa farar hula shi. Yana da magani: zama da ƙwararre mako-mako, a bi labarin abin da ya faru a tsanake, a warware tunanin da ya ƙulle, wani lokaci a haɗa da maganin da likita ya rubuta. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, kuma ba ku da nisa da shi.

Sai dai da an ce likitan ƙwaƙwalwa, hankalin mutumin Kano asibitin masu taɓin hankali na Dawanau yake tafiya, ya ce an mai da shi mahaukaci. Don haka ki shigo masa ta ƙofar barci. Ki ce, rashin barcin nan ya yi yawa, mu je a duba. Gaskiya kika faɗa, kuma likitan da ya fara ganinsa zai san inda zai tura shi. In kin san ba zai ji daga bakinki ba, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, ko limamin masallacin layinku.

Kada ki ja da Hajiya. Ɗanta ne, ita ma da abin da ta sani take nema masa sauƙi. Ki ce mata a ci gaba da addu'a, a haɗa da asibiti, ki roƙe ta ita ta umarce shi ya je, don umarnin uwa ya fi lallashin mata saurin shiga. Inda za ki tsaya da ƙafarki shi ne in aka fara kawo masu cewa wane ne ya yi masa, ko wance ce. Mota ce ta buge shi a gaban jama'a da rana. Zargin sammu zai cinye kuɗin jinyar yarinya, ya kuma raba zumunci.

Game da laifin da yake ɗora wa kansa, ki daina ce masa ba komai. Shi ya ɗauke ta daga kan kwalta, ya san da komai. Ki gaya masa abin da yake gaskiya: ta baya aka buge ku, makaranta za ka kai su, kai ka kai ta asibiti. Sannan ki ba shi aiki a jinyarta. Shi ya riƙa kai ta gashin ƙashi, shi ya koyi atisayen da ake yi mata a gida, shi ya riƙe hannunta su taka zuwa bakin layi da yamma. Da farko zai ƙi, ki fara da ƙarami, ko shafa mata mai a ƙafa ne. Tashin da yake yi ya bar ɗaki, yarinya ba ta san ciwo ne yake kora shi ba, tana iya ɗauka fushi yake da ita. Wannan ki gaya masa, a hankali, domin uba yakan yi don 'yarsa abin da ba zai yi don kansa ba.

Akwai gaskiyar da ba zan ɓoye miki ba. Na san abin da ya sa iyaye suke jera yara a babur, musamman tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya gagari mai albashi. Amma yaron da ke kan tanki ba shi da abin riƙewa, ba shi da kariya, shi ne farkon wanda zai tashi sama. Ga kuma dokar 2013 da ta hana ɗaukar fasinja a babur a ƙananan hukumomin cikin birni, har da Tarauni. Ku haɗa kuɗi da maƙwabta biyu ko uku ku ɗauki ɗan adaidaita na wata, wanda kuka san gidansu, ku ƙayyade masa yawan yaran da zai ɗauka. Ki kawo wa maigida wannan a matsayin shiri na gaba, kada ya ji ƙamshin tuhuma a ciki.

Yarinya kuwa, fitsarin kwance da maƙalewa abu ne da yara suke yi bayan firgici. Ba duka, ba gori, ba faɗa wa baƙi a gabanta. Ki shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gado, ki tsare mata lokacin ci da na barci. In ta ɗauko wasan haɗari da kayan wasanta, ko ta zana, ki bar ta, ta nan yara suke fitar da abin da ke cikinsu. In ta yi tambaya ki ba ta amsa gajeriya ta gaskiya. Ki sanar da malamarta. In bayan wasu makonni babu sauƙi, ki faɗa wa likitan da yake duba ƙafarta. Shi ma yayanta da aka ce ƙujewa kawai ya yi, a kan idonsa komai ya faru, ki ja shi da hira. Ke kuma ki kira 'yar uwarki ta zo ta yi miki kwana biyu ki samu barci, ba za ki iya riƙe mutum uku da ido biyu ba dare da rana.

WASIƘA TA UKU

Anti, ni ɗalibi ne ɗan shekara 21 daga Darmanawa. Sati uku da suka wuce na faɗi da roba-robata a rakiyar ango, muna gudu muna wasa da juna. Na gurɗe a idon sawu, mai ɗori ya ja ya ɗaure, amma har yanzu da kumburi, ba na iya taka ta sosai. Gaskiya babur ya fita daga raina, so nake in sayar in sayi keke. Abokaina sun ce ragwanta ce, wai in ban hau yanzu ba na zama matsoraci har abada. Haka ne?

Wani ɗalibi, Darmanawa

Ɗana, ba haka ba ne. Babu wanda aka wajabta wa hawa babur, kuma wanda ya zauna ya yi lissafi ya ga keke ya ishe shi zuwa makaranta, hankali ya yi. Abokan da suke zuga ka su ne kuke gudun tare ranar, ka duba mutum nawa ne a cikinsu suka biya kuɗin ɗorin. Wasan babur a rakiyar ango ya mai da gidajen biki da yawa gidan makoki a garin nan, shi kam ka bar shi ko ka sayar ko ba ka sayar ba.

Abu ɗaya za ka lura da shi. In babur kaɗai ka bari, kana shiga adaidaita, kana tsallaka titi, kana barcinka lafiya, to zaɓi ka yi. In ka ga ka fara gudun waɗannan ma, tsoro ne yake tura ka, sai ka bi matakan da na ba yayanka na Gyadi-Gyadi.

Kada ka sayar a wannan watan. Wanda ya sayar cikin ɗimuwa yakan karyar da kayansa, ya dawo yana cizon yatsa. Ka ba wa Baba makullin ya ajiye, ka yanke shawara bayan ƙafa ta warke. Ƙafar ce ma ta fi damuna. Kumburin da ya kai sati uku kuma ba ka iya takawa yana iya zama tsagewar ƙashi, abin da hannun mai ɗori ba ya gani, kuma idon sawu in ya haɗe a karkace, ɗingishin na tsawon rai ne. Gobe da safe ka sa a kai ka Dala a ɗauki hoton ƙafar, kafin nan kada ka bari kowa ya sake ja maka ita.